Filin Kanikawa: Silinda ɗaya ta yi shiru, ina wutar ta maƙale?

Wasiƙun da suka iso mana wannan karon kusan kuka ɗaya suke yi: mota na misin, tana rawa a silo, ba ta da ƙarfi a hawa, an kuma ce wa mai ita silinda ɗaya ba ta samun wuta. Mun tsamo waɗanda motocinsu suka sha bamban, domin hanyar da wuta ke bi a Golf 3 ba ita take bi a Corolla ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2006. Yau kwana huɗu tana karkarwa in na tsaya a danja, kuma in na taka totur sosai fitilar injin takan riƙa ƙiftawa. An sa ta a kwamfuta ta nuna P0302. Makanike ya ce in sayo kwayil huɗu da filogi huɗu. Dole ne sai duka? — Wani malamin makaranta, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Lambar P0302 ba ta ce kwayil, wato abin da ke ba filogi wuta, ya mutu ba. Abin da ta ce kawai, silinda ta 2 ba ta ƙona abin da aka ba ta. Ƙwaƙwalwar motar tana gane haka ne daga juyin ƙaranshaf: duk sa'ad da layi ya zo kan silinda ta 2 ta tura, sai ta ji juyin ya ɗan yi sanyi. Ko wuta ce babu, ko mai, ko matsi ne ya zube, lambar da za ta fito ke nan.

Ga abin da zai rage maka wahala da kashe kuɗi. Batir, famfon mai da sensar ƙaranshaf duk kayan tarayya ne. In ɗayansu ya samu matsala, silinda huɗun ne za su ji a jikinsu. Laifin da ya tsaya kan silinda ɗaya tak yana cikin kayan da ita kaɗai ke amfani da su: filoginta, kwayil ɗinta, soket da wayoyin da ke zuwa kwayil ɗin, nozul ɗinta mai fesa mata fetur, sai bawul da ringinta. Kuma tun da kana da wasu silinda uku masu lafiya a gefe, kayan gwaji na nan a cikin motarka kyauta.

Injin motarka 1ZZ-FE ne, kowane filogi da kwayil ɗinsa a kansa. Silinda ta 1 ita ce ta ɓangaren fanbel, sai a ƙirga zuwa ɓangaren giya. A kashe mota, a bari injin ya huce. A cire murfin robar saman injin. Kowane kwayil noti ɗaya ne ke riƙe da shi, sifana mai lamba 10. A ɗauki kwayil na 2 a kai shi silinda ta 4, na 4 ya dawo 2. Sannan a kwance filogi na 2 da soket mai lamba 16 a kai shi silinda ta 1, na 1 ya dawo 2. Da gangan muka raba su gida daban-daban. A goge lambar, a zaga da motar na minti 10 ko 15, har da ɗan hawa in akwai, a sake sa kwamfuta. In ta nuna P0304, laifin ya bi kwayil. In ta nuna P0301, filogi ne. In kuwa P0302 ɗin ce ta dawo, to kwayil da filogi sun kuɓuta, ka kuma tsira da kuɗin da za ka zubar a banza.

Kafin a mayar da filogin, a dube shi da kyau, domin yana ba da labari. Bakin da ya jiƙe yana warin fetur na nufin mai na zuwa, wuta ce babu. Baki mai maiƙon baƙin mai na nufin injin na shan mai a wannan silinda, kuma ko sabo aka sa zai sake toshewa. A duba farin tangaran ɗin da ke sama: in akwai siririn baƙin layi kamar an ja da fensir, wanda ba ya gogewa da tsumma, wuta ce ta buɗe wa kanta hanya ta waje tana sauka jikin ƙarfe maimakon ta shiga ciki. Irin wannan layin yana da abokinsa a cikin robar kwayil, don haka tare ake canza su. In aka canza filogi kaɗai, tsohuwar robar za ta zana wa sabon layi cikin 'yan kwanaki. A leƙa ramin filogin kuma da tocila. In baƙin mai ya taru a ciki, sil ɗin murfin saman injin ne ya ƙeƙashe. Man na jiƙa robar har ta kumbura ta fara zubar da wuta. Sai an canza gasket ɗin murfin, in ba haka ba duk kwayil ɗin da aka sa haka zai ƙare.

To, in laifin ya ƙi motsawa daga 2 fa? A koma kan soket ɗin kwayil. Waya huɗu ne: ɗaya na kawo wutar batir, bolt 12 in an murɗa makulli, ɗaya na komawa jikin injin, ɗaya ita ce IGT, wadda ƙwaƙwalwa ke aiko da umarnin bolt 5 ta cikinta, ta ƙarshe IGF, wadda kwayil ke mayar da amsa cewa ya yi aiki. In amsar ba ta koma ba, lambar da kan fito ita ce P0352, kuma ƙwaƙwalwar kan yanke mai don kare salansa. Wannan yakan ruɗa mutane: su ga filogi a bushe su ce nozul ne, alhali wuta ce ta fara ɗaukewa. A duba ko ƙugiyar soket ɗin ta karye, abin da ya zama ruwan dare a waɗannan motoci saboda zafi na busar da robar, ko wani fil ya buɗe baki ba ya kamawa, ko ɓera ya gwaguyi waya.

Daga nan sai nozul. A ɗora bakin dogon sukundireba a jikinsa, a kara kunne a ƙota. Mai aiki yana ƙas-ƙas-ƙas a jere. A mita kuma ya kamata ya nuna tsakanin om 11 da 16, daidai da 'yan'uwansa. Shi ma ana iya musanya shi da na maƙwabciya. Na ƙarshe shi ne awon matsi: injin da ɗuminsa, filogi huɗun a waje, a cire soket ɗin nozul duka, totur a take har ƙasa, a buga kik. A wannan injin bai kamata silinda ta gaza psi 145 ba, bambancin da ke tsakaninsu kuma kada ya wuce 15. In ta 2 ta yi ƙasa, a zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin filogi a sake awo. In ya tashi, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket ɗin kan silinda.

Batun saye: filogi, in sun tsufa, a canza huɗun tare, Denso SK16R11 na iridiyam ko makamancinsa na NGK, tazarar baki milimita 1.1, kuma ba a bubbuga bakin filogin iridiyam don gyara tazara. A fara ɗaura shi da hannu har ya zauna, sannan a ƙara rabin juyi da sifana in sabo ne; wanda aka taɓa ɗaurawa ɗan taɓi kawai yake so, domin kan silinda alminiyam ne, haƙoransa ba sa jure ƙarfi. Kwayil kuwa wanda ya mutu kaɗai za ka saya. Ita kuma fitilar da ke ƙiftawa ba ado ba ce: tana cewa ɗanyen fetur na gangarawa cikin abin tace hayaƙi na salansa, wanda kanikawanmu ke kira indomi, yana ci da wuta a can har ya narkar da shi. Kuɗinsa ya ninka na kwayil sau da yawa. Ka rage hawa motar har a gyara.

Tambaya: Ni direban Golf 3 ne, ina lodin Gusau zuwa Funtuwa. A silo lafiya lau, amma da na cika fasinja na kama hawa sai ta fara tuntuɓe. Na cire filogi ɗaya bayan ɗaya na ɗora a jikin injin, yarona ya buga kik, duk huɗun sun ba da wuta. Ke nan ba wuta ba ce ko? — Wani direba, Gusau

Amsa: Ɗan'uwa, wannan gwajin ya yaudari mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe a gareji. A sararin iska, wuta ba ta buƙatar fiye da bolt 3,000 zuwa 4,000 kafin ta tsallaka tazarar milimita ɗaya. A cikin silinda kuwa, inda fistan ya matse iska da mai, sai ta nemi 10,000 zuwa 15,000, in kuma an taka totur da kaya a hawa ta kan haura 20,000. Ita wuta ragguwa ce, hanya mafi sauƙi take bi. A waje tsallaka bakin filogi shi ne mai sauƙi, sai ta bi ka gan ta. A ƙarƙashin matsi kuwa, in akwai tsaga a waya ko a murfin distirbuta, ta nan za ta zurare. Shi ya sa motarka ke lafiya a silo tana tuntuɓe a hawa.

Gwajin gaskiya shi ne a tilasta wa wutar ta tsallaka tazarar milimita 10 ko ɗan fi. Akwai ɗan abin gwaji da ake sayarwa mai noti na buɗe tazara. In babu, a ɗauki tsohon filogi mai kyau, a yanke lanƙwasasshen ƙarfen bakinsa gaba ɗaya, a maƙala shi jikin injin da kilif. Wuta mai lafiya za ta tsallaka da ƙara, tas-tas, ba fashi. A gwada wayoyin huɗu a kwatanta. Wadda ke fashi ko ta yi shiru ita ce. Kafin wannan gwaji a cire fiyus ɗin famfon mai, kada fetur ya taru tartsatsi na tashi kusa.

A Golf 3 mai injin 1.8, kwayil ɗaya ne ke ciyar da kowa, rota kuma na rarrabawa. Saboda haka in silinda ɗaya ce ke fashi, da wuya a ce kwayil ne. Abubuwa uku ne a gaba: filogi, wayar filogi, da gurbin wannan silinda a murfin distirbuta. A cire murfin a juya cikinsa a rana. Ana neman tsaga, ko baƙin layin nan daga wani ƙarfe zuwa gefe, ko ƙarfe ɗaya da ya ci ya yi fari fiye da sauran. Murfin da ya yi layi ba ya gyaruwa da kankara, sai sabo, kuma a haɗa da rota. Wayoyin a auna su da mita daga baki zuwa baki. Na asali na Volkswagen kan nuna wajen om 5,000 zuwa 7,000. Wadda ta ƙi nuna komai ta tsinke a ciki ko da robarta na sheƙi. A riƙa lanƙwasa ta ana kallon mita, domin wata sai an motsa ta take yankewa.

Akwai kuma gwajin dare, wanda ba ya cin ko kwabo. A wuri mai duhu, mota na silo, a fesa ruwa kaɗan kamar raɓa a kan wayoyin. Mai zubar da wuta za ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle zuwa jikin injin, ka kuma ji injin ya canza murya.

Abu biyu za mu ja kunnenka a kai. Kada ka riƙa fizge wayar filogi mota na aiki ka bar ta a iska. Ban da jan da za ta yi maka, wutar da ta rasa wurin sauka tana komawa ta huda rufin cikin kwayil, ka je neman ƙaramin laifi ka haifi babba. Na biyu, in za ka canza wayoyi, ɗaya bayan ɗaya. Jerin wutar 1-3-4-2 ne ta yadda rota ke juyawa, kuma akwai ɗan tsagi a bakin distirbuta da ke nuna gurbin silinda ta 1. In aka sarƙe biyu, silinda biyu ne za su mutu, motar kuma ta riƙa harbi ta salansa.

Tambaya: Camry ce da ni ƙirar 2000 mai injin 2.2. An gaya mini kwayil ɗaya ne ke ba silinda ta 1 da ta 4 wuta. To ta yaya ta 4 kaɗai za ta mutu, ta 1 na aiki? Anya makanikena ya gane kuwa? — Wani ɗan kasuwa, Sabon Gari, Kano

Amsa: Ya gane, Alhaji, kuma hakan na faruwa. Injin 5S-FE na shekarun 1997 zuwa 2001 kwayil biyu gare shi: ɗaya na 1 da 4, ɗaya na 2 da 3. Kowanne baki biyu ne da shi, kuma lokaci ɗaya yake harba su. Sa'ad da ta 4 ke matse mai, ta 1 na fitar da hayaƙi, tartsatsinta ya tafi a banza. A zagaye na gaba su yi musanya. Wutar na fita ta baki ɗaya, ta tsallaka filogi, ta ratsa ƙarfen kan silinda, ta hau ta ɗaya filogin, ta koma kwayil ta baki na biyu. Zobe ne.

Da a ce umarnin ƙwaƙwalwa ne ya yanke, ko cikin kwayil ɗin ya mutu ɗungurungum, da 1 da 4 tare za su yi shiru, motar ma da ƙyar za ta tsaya a silo. Amma in filogi na 4 ya toshe da baƙin toka, ko wayarsa na zubar da wuta jikin injin, zoben bai tsinke ba. Wutar ta dai bi ta ɓarauniyar hanya ta wuce, ta je ta tsallaka filogi na 1 lafiya ƙalau. Ta 1 na aiki, ta 4 a mace.

Wannan tsari yana da gwajinsa mai daɗi. Tun da baki biyun lokaci ɗaya suke harbawa, a musanya wayar 1 da ta 4 a kan kwayil ɗin, motar ba za ta san an yi ba. In misin ya koma ta 1, bakin kwayil ne ya tsage ko ya yi tsatsa. In ya tsaya a ta 4, waya ce ko filogi. Toyota ta sa iyakar wayar filogi a om 25,000. Wadda ta haura ta gama aiki. Filogin da aka tsara wa wannan injin kuma mai ƙugiya biyu ne na filatinam, Denso PK20TR11, saboda a kowane zobe filogi ɗaya yana cin wuta ta baya, ƙugiyarsa ce ke cinyewa maimakon tsinken tsakiya. Filogi mai arha na aiki, amma biyu daga cikin huɗun za su riga sauran tsufa.

Tambaya: An wanke mini injin Honda Accord 2005 da injin feshi, tun daga nan take misin. — Wata ma'aikaciyar jinya, Bauchi

Amsa: Ruwa ne ya sauka ramin filogi, Hajiya. A cire kwayil ɗin duka, a busa ramukan da iskar mai faci tun filogi na ciki, kada ruwan ya gangara silinda, a shanya robobin a rana. In an yi da wuri shi ke nan. In an yi kwanaki ana hawa a haka, a nemi baƙin layin da muka bayyana a amsar farko. Gaba kuma a hana masu wanki kai bakin feshi kan kwayil da akwatin fiyus.

Tambaya: Ina koyon aikin wayarin mota. An kawo mana wata mai kwayil mai waya biyu a kan kowane filogi. Silinda ɗaya babu wuta. Mun sa sabon kwayil, ya yi zafi har ya kumbura, wuta ba ta zo ba. Ogana ya yi tafiya. Me zan auna? — Wani ɗan koyo, Panteka, Kaduna

Amsa: Madalla da ka tsaya ka tambaya kafin ka ƙona wani kwayil ɗin. Kwayil mai waya biyu ba shi da makunni a cikinsa. Makunnin, wato taransista, yana cikin ƙwaƙwalwar motar. Waya ɗaya na kawo bolt 12, ɗayar kuma ƙwaƙwalwa ce ke haɗa ta da jikin mota na ɗan lokaci ƙanƙani, kashi 2 zuwa 4 cikin 1,000 na daƙiƙa, sannan ta saki. A wannan sakin ne tartsatsi ke fita. Kwayil ɗin da ya kumbura na nuna an haɗa ba a saki ba.

Ka cire soket ɗin, ka murɗa makulli, ka tabbatar fil ɗaya na da bolt 12, kuma ka gwada shi da fitilar gwaji ba mita kaɗai ba, domin wayar da ta rage silli ɗaya za ta nuna 12 a mita amma ba za ta iya kunna ƙwai ba. Sai ka maƙala kilif ɗin fitilar a kan batir mai alamar tarawa, ka taɓa ɗaya fil ɗin da bakinta, wani ya buga kik. Abu uku ne zai faru. In tana ƙiftawa, umarni na zuwa. Ka yi a inuwa, don ƙiftawar ba ta da haske sosai, ka kuma kwatanta da soket ɗin silinda mai lafiya. In ta ƙi kamawa sam, waya ta tsinke ko taransistan ya mutu a buɗe. In ta kama ta zauna ba ƙiftawa, ko da ba a buga kik ba, to wayar na taɓa jikin mota a wani wuri, ko taransistan ya narke a haɗe. Bisa ga abin da ka faɗa, wannan na ukun muke zato.

Don raba gardama, ka cire kan batir, ka zare soket ɗin ƙwaƙwalwa, ka auna wannan waya da jikin mota. In har yanzu mita na nuna haɗi, wayar ce ta goge a wani lungu, galibi inda damin wayoyi ke gugar ƙarfe ko ya kusanci manifol ɗin hayaƙi. In haɗin ya ɓace da zare soket, laifin na cikin ƙwaƙwalwa. Ka kuma auna wayar daga wannan baki zuwa wancan; ƙasa da om 1 ake so, kana jijjiga damin kana kallo.

Yawanci tsohon kwayil ne ke kashe taransistan: zaren cikinsa ya haɗe, ya ja wuta fiye da kima. Don haka in an gyara ƙwaƙwalwar ko an samo wata, kada a mayar da tsohon kwayil ko wanda ya kumbura, ko na minti ɗaya. Ka auna tsakanin fil biyun kowane kwayil. Sukan nuna ƙasa da om 1 ko kusa da haka, kuma duka su yi daidai da juna. Ka fara haɗa bakunan mitarka ka ga abin da wayoyinta ke ci, ka debe.

Wannan gwajin fitila mai ƙwai na kwayil mai waya biyu ne kawai. A mai waya uku ko huɗu, irin na Toyota da Honda, wayar umarni ba ta ɗaukar nauyi, sai fitilar LED ko mita. Ka kuma riƙe wannan don gaba: a injinan Peugeot irin na 206 da 406 daga ɓangaren giya ake fara ƙirga silinda ta 1. Da yawa sun ga P0301 sun je sun wahalar da ta 4.

Tambaya: Sienna ce ƙirar 2005, kwamfuta ta ce P0305. Makanike ya ce sai ya sauke saman injin kafin ya kai ga filogin, kuɗin aiki kuma da yawa. Gaskiya ne? — Wata 'yar kasuwa, Jos

Amsa: Gaskiya ya faɗa miki, Hajiya. Injin 3MZ-FE silinda shida ne a layi biyu: 2, 4, 6 a gaba wajen lagireto, 1, 3, 5 a baya ƙarƙashin manifol ɗin iska. Ta 5 na baya, kuma galibi sai an ɗaga manifol ɗin. Tun da buɗewar ce mai tsada, a ci moriyarta sau ɗaya. A sa sabbin filogi uku a baya, SK20R11, a kuma auna matsin ta 5 tun tana buɗe. Sannan a kwashe kwayil ukun gaba, waɗanda aka san lafiyarsu, a kai su baya, na baya su dawo gaba, a lura da inda na 5 ya sauka. In shi ne mai laifi, lambar za ta dawo kan silindar gaba, inda canza shi aikin minti biyar ne. A toshe ramukan iska da tsumma mai tsabta muddin suna buɗe, don noti ɗaya in ya faɗa ciki ya isa ya kashe injin, a ƙirga tsummokaran kafin a rufe, a kuma sa sabon gasket. Tsoho kan bar iska ta shiga, a fita daga misin ɗin wuta a faɗa na iska.

Toyota ta ba filogin iridiyam wa'adin mil 120,000, amma motar da ta shigo ta hannu ba wanda ya san abin da ke cikinta, jabun filogi kuma sun cika kasuwa cikin kwali mai kyau. In farashin ya yi arha har ya ba ki mamaki, ki bar shi.

Tambaya: Tsohuwar Peugeot 504 fikof ce mai kontak, ina ɗaukar kaya da ita. Na canza filogi, waya, murfi da rota, silinda ɗaya har yanzu tana fashi. — Wani manomi, Maraɗi

Amsa: Baba, saura wuri biyu. A 504 filogi na can ƙasan dogon bututu, kuma akwai mahaɗi tsakaninsa da waya. In rufinsa ya tsage, wuta na sauka jikin bututun. A musanya shi da na maƙwabciya a gani. Na biyu yana cikin distirbuta. Sandar tsakiya na da kusurwa huɗu, kowace na buɗe kontak don silinda ɗaya. Yawanci a kan kusurwa ɗaya ake saita tazarar milimita 0.4 a rufe, ba a duba sauran. A juya injin da hannu a auna a kan duka huɗun. In ɗaya ba ta buɗewa kamar sauran, kusurwar ta cinye ko sandar ta karkace. A kama sandar a girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa, bushin ya ci, kuma da gudu tazarar za ta riƙa canzawa. Kondensa ba ya zaɓar silinda, don haka a bar shi. In kusurwa ce ko sanda, a nemi wata distirbuta, a sa ɗigon giris a kan kusurwoyin, a sake saita taimin bayan an gama saita kontak, ba kafin ba.